Macarena: Yadda Waƙar Dattawa Biyu Ta Fito Daga Ishbiliya Ta Game Duniya

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, inda sanyi yakan tsare mutane a ɗaka kusan rabin shekara, rana kuma ta yi ta ɓuya bayan gajimare har a yi marmarin ganinta, babu lokacin da jama'a suke ɗoki kamar watannin Yuni da Yuli da Agusta, waɗanda a wurinmu damina ce da aikin gona, amma a wurinsu bazara ce ta hutu da walwala, inda ake rufe makarantu, ma'aikata su ajiye alƙalami, masu hali da marasa hali duka su nufi bakin teku ko dandalin gari. Tun da rediyo da faifai suka yawaita, wata al'ada ta kafu a waɗannan ƙasashe, ita ce kowace bazara takan zo da waƙarta guda, wadda babu hukumar da take naɗa ta, sai dai a wayi gari a tarar ita ce a bakin yaro da babba, a kantuna da motoci da wuraren biki, har ranar da sanyi zai dawo, sannan ta kwanta dama. Galibin irin waɗannan waƙoƙi shekara guda ce ajalinsu. Amma akwai ɗaya daga cikinsu da ta ƙi mutuwa, har yau ana kaɗa ta a bukukuwan aure daga gabas zuwa yamma, ita ce Macarena, wadda ta mallake bazarar 1996. Labarin yadda aka yi ta da yadda duniya ta karɓe ta ya cancanci a tsaya a yi masa nazari a natse.

Masu waƙar mutum biyu ne, Antonio Romero Monge da Rafael Ruiz Perdigones, 'yan garin Dos Hermanas da ke kusa da birnin Sebiya a kudancin Sifaniya, kuma suna waƙa ne da sunan Los del Río. Wannan birni na Sebiya shi ne Ishbiliya ta littattafanmu, garin Alƙali Abubakar ɗan Arabi, babban malamin nan na mazhabar Malikiyya mai littafin Ahkamul Ƙur'ani, kuma garin sarki mawaƙi Mu'utamidu ɗan Abbad; hasumiyar babban masallacinsa na da tana nan tsaye har gobe, ko da yake birnin ya fita hannun Musulmi tun 1248. Shahararsa da kiɗa ba ta yau ba ce, domin masu tarihin Andalus sun ruwaito cewa Ibnu Rushdi ya taɓa lura da cewa idan malami ya rasu a Ishbiliya, Ƙurɗuba ake kai littattafansa a sayar, idan kuwa makaɗi ya rasu a Ƙurɗuba, Ishbiliya ake kai kayan kiɗansa. A wannan ƙasa ta jita da tafi da buga ƙafa mutanen nan biyu suka taso, suka fara waƙa tare a 1962 suna samari ƙanana, suka riƙi salon gargajiyar yankinsu, wato sebiyanas da rumbar falamanko, suna bin bukukuwan gari da rumfunan babban bikin Afrilu na Sebiya da gidajen rawa, suna fitar da faifai bayan faifai, har tsawon shekara talatin, sanannu a gida, masu cin halaliyarsu da sana'arsu, amma ba wanda ya san da zamansu a Landan ko Niyu Yok.

A 1992 yawon waƙa ya kai su Amurka ta Kudu, kuma a ƙasar Benezuwela aka gayyace su wata walima da hamshaƙin attajirin nan Gustavo Cisneros ya shirya, wadda manyan ƙasar suka halarta, har da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Carlos Andrés Pérez. A cikin daren wata malamar rawar falamanko, 'yar ƙasar, ta fito ta taka rawa gaban baƙi, ta kuwa yi gwaninta irin wadda ta sa Antonio Romero, yana riƙe da jitarsa, ya ɗaga murya nan take ya jefa mata ɗan gajeren amshi na yabo, yana zuga ta ta saki jiki ta yi nishaɗi. Duk wanda ya taɓa zama a filin biki a ƙasar Hausa, ya ga makaɗi ya hangi wadda rawarta ta burge shi ya ƙaga mata take a tsaye ba tare da shiri ba, ya san abin da ya faru a wannan dare ba sai an yi masa sharhi ba. Da farko da sunan Magdalena ya kira ta a cikin amshin. Da suka zauna daga baya suka gina waƙar, suka sa mata baitoci, sai suka musanya sunan da Macarena, wanda suna ne na 'yar Antonio, kuma sunan wata tsohuwar unguwa ta Sebiya da ke jikin ganuwar da ta saura tun zamanin Musulmi, unguwar da Kiristocin birnin suke girmamawa saboda wani mashahurin mutum-mutumin Maryama da ke majami'arta.

A 1993 suka ɗauki waƙar, ta fito cikin faifansu mai suna A mí me gusta, kuma a wannan riwaya ta farko rumba ce tsantsa, da jita da tafi da muryoyin maza biyu, babu wata na'ura mai yawa a ciki. Wanda ya saurare ta da kunnen basira zai gane inda ƙarfinta yake. Amshin gajere ne, kalmominsa suna zubowa da sauri kusan a kan sauti guda, kamar mai ƙirga, sannan a ƙarshe muryar ta ja ta yi sama ta faɗo kan sunan yarinyar, a rufe da wani ihu guda wanda kowa yake jiran isowarsa, ko da bai san harshen Sifaniyanci ba. Wannan jira da wannan sakin su ne asirin waƙar, kuma irin wannan sauƙi ba ya samuwa ga sabon shiga, sai ga wanda ya daɗe yana kallon fuskokin taro yana sanin inda ƙafa take motsi da inda take tsayawa. Waƙar ta karɓu a Sifaniya, ta haye teku zuwa Mesiko da Kolombiya da sauran ƙasashen da ke magana da harshen, kuma kamfanin faifan, da ya ga alamar kasuwa, ya sa aka sake haɗa kiɗan da gangar na'ura domin gidajen rawa na zamani. Daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai mawaƙan Fangoria na Madrid, waɗanda haɗinsu ya zama tubalin abin da ya biyo baya, kuma sun daɗe suna kukan cewa ba a saka musu gwargwadon guminsu ba.

Daga nan waƙar ta shiga tafiya wadda babu mai tsara ta. A tsibirin Puerto Rico ta yi ƙarfi har gwamnan wurin, Pedro Rosselló, ya riƙa amfani da ita a tarurrukan neman zaɓe, kuma da yake manyan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa suna yada zango a tsibirin, matafiya suka riƙa jin ta suna koyon rawarta suna komawa da ita garuruwansu. A birnin Miyami, inda masu jin Sifaniyanci suke da yawa ƙwarai, wani mai gabatar da waƙoƙi a gidan rediyon Power 96, Johnny Caride, ya lura cewa duk sanda aka saka ta a gidan rawa sai filin ya cika maƙil, masu saurare kuma suna ta bugo waya suna nemanta, alhali ƙa'idar gidan rediyon a lokacin ba ta yarda a saka waƙar da babu Ingilishi a cikinta ba. Sai ya kai maganar ga abokan aikinsa biyu, Mike Triay da Carlos de Yarza, waɗanda aka sani da Bayside Boys, suka zauna a situdiyo cikin 'yan kwanaki a 1995, suka rubuta sababbin baitoci da Ingilishi suka ba wata mace ta rera, suka bar amshin Sifaniyanci da muryoyin dattawan nan yadda yake, suka ƙara nauyin ganga, suka kuma ɗora wata dariya ta mace da aka gutsuro daga tsohuwar waƙar wasu mawaƙan Ingila masu suna Yazoo. Kamfanin RCA, wanda haƙƙin waƙar ke hannunsa, ya karɓi wannan haɗi ya fitar da shi a hukumance, kuma wannan riwaya ta Miyami ita ce wadda mafi yawan mutanen duniya suka sani.

Duk da haka nasara ba ta zo nan da nan ba. Waƙar ta shiga jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari mafi kasuwa a Amurka a ƙarshen bazarar 1995, ta hau zuwa matsayi na 45, ta gangaro ta fice, kamar dai an gama da ita. Abin da ya tashe ta shi ne rawa, da kuma bidiyon da aka yi mata a 1996, wanda Vincent Calvet ya shirya, gwanar tsara rawa Mia Frye kuma ta tsara takunsa. Bidiyon ba shi da wani ƙawa: farin fili ne fayau, mata goma masu launin fata da sutura iri-iri suna rawa, gefe guda kuma ga dattawa biyu cikin kwat suna rera amshinsu a gaban makirfo mai rataye. Hikimar Mia Frye ita ce ta rage rawar har ta koma abin da ƙaramin yaro da tsohuwa za su iya cikin minti biyu: a miƙa hannun dama gaba, a bi da na hagu, a juya tafukan sama ɗaya bayan ɗaya, a kai su kafaɗu, a kai su ƙeya, a sauke su ƙugu, a girgiza, sannan a yi tsalle a juya gefe guda a sake daga farko, ta yadda bayan zagaye huɗu mai rawa ya fuskanci gabas da kudu da yamma da arewa ya dawo inda ya fara.

A nan ne, a ganina, haƙiƙanin dalilin ɗaukakar wannan waƙa yake. Yawancin raye-rayen zamani suna raba taro gida biyu, gwanaye a tsakiyar fili, masu jin kunya a jikin bango suna kallo. Suna kuma bukatar abokin rawa, da ƙuruciya, da jiki mai laushi. Rawar Macarena ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin a sahu ake yin ta, kowa a matsayinsa, ba mai taɓa wani, wanda ya ɓace ya dubi na gabansa ya gyara, kuskure kuma ba ya jawo abin kunya sai dariya. Ɗan Adam kuwa, bisa ɗabi'ar da aka halicce shi a kanta, yana samun wata natsuwa idan ya ga kansa cikin jama'a suna motsi guda a lokaci guda, kuma duk abin da ya buɗe masa ƙofar shiga wannan sahu ba tare da sharaɗi ba, to zai rungume shi. Mai sauraren Macarena ya tashi daga matsayin ɗan kallo ya zama ɗaya daga cikin masu yin ta, kuma abin da mutum ya yi da jikinsa ya fi zama a zuciyarsa bisa abin da ya ji da kunne kawai.

Da waƙar ta koma jadawalin Billboard a 1996 ba ta sake waiwaye ba. A farkon Agusta ta hau matsayi na ɗaya, bayan mako 33 tana cikin jadawalin, wanda a lokacin babu waƙar da ta taɓa yin doguwar tafiya irin wannan kafin ta kai ƙoli. Ta zauna a can mako 14 a jere, har watan Nuwamba da waƙar No Diggity ta Blackstreet ta sauke ta, kuma jimillar zamanta a jadawalin ta kai mako 60. Ita ce waƙar da ta zo ta ɗaya a lissafin ƙarshen shekarar 1996 a Amurka, inda aka shaida cinikin kwafi miliyan 4. Ta zo ta ɗaya a Faransa da Jamus da Ostireliya da wasu ƙasashe masu yawa. A Ingila ta tsaya a ta biyu, saboda 'yan matan Spice Girls sun tare ƙofa da waƙarsu ta farko. A cikin wannan Agusta kimanin mutum 50,000 suka taka rawarta tare a filin wasan besbol na Yankee da ke Niyu Yok, kuma a babban taron jam'iyyar Dimokurat da aka yi a Shikago a ƙarshen watan, wakilai daga jihohi duka suka riƙa miƙewa suna yin ta tsakanin jawabi da jawabi, har mataimakin shugaban ƙasa Al Gore, wanda aka sani da rashin sakin jiki, ya ce zai nuna musu tasa Macarenar, ya tsaya ƙyam bai motsa ba, zauren ya ɓarke da dariya.

To amma akwai wata mas'ala da ba ta dace a tsallake ba, ita ce ta ma'anar abin da ake rerawa. Amshin, kamar yadda ya gabata, yabo ne ga mai rawa, amma baitocin da aka gina a kansa labari ne na wata budurwa mai son ado da kantunan birni da mafarkin zama a Niyu Yok, wadda take da saurayi mai suna Vitorino, kuma a daidai lokacin da aka ɗauke shi aikin soja na tilas, wanda ake yi wa samarin Sifaniya har zuwa 2001, yana can yana rantsuwa gaban tuta, sai ta ci amanarsa da abokai biyu. A riwayar Miyami abin ya ƙara fitowa fili, domin budurwar ce da bakinta take alfahari da hakan, tana wofintar da saurayin. Ga mutanen Andalusiya wannan barkwanci ne irin na waƙoƙin biki, wanda suka saba da shi, suka kuma san matsayinsa. Amma miliyoyin da suka ɗauki waƙar a wasu ƙasashe ba su san da wannan ba, har aka riƙa koya wa yara rawarta a makarantun firamare, aka riƙa saka ta a ranar ɗaurin aure, ranar da ake ƙulla alkawarin amana, kuma sai bayan shekaru masu yawa, da intanet ta sauƙaƙa samun fassara, da yawa daga cikin yaran wancan zamani, yanzu sun zama iyaye, suka gano abin da suka yi ta maimaitawa. Lafazi ya tafi duniya, ma'ana ta tsaya a gida, kuma sauƙin nan da ya sa kowa ya iya shiga sahu shi ne ya sa ba wanda ya tsaya tambaya.

Masu sharhin kiɗa ba su yi wa waƙar da sauƙi ba. Da yawansu sun ɗauke ta abin wasa maras nauyi, kuma kafin shekarar ta ƙare yawan maimaita ta ya gundiri jama'a, har ta zama abin da ake buga misali da shi idan ana maganar waƙar da ta ishi kunne. Los del Río sun gwada bin sawunta da wata riwaya ta bikin Kirsimeti a ƙarshen 1996, amma ba ta yi nisa ba a Amurka, kuma ba su sake samun wata waƙa da ta kusanci wannan matsayi a can ba, har a 2002 tashar VH1 ta sa su a kan gaba cikin jerin mawaƙan da suka yi fice da waƙa guda tak. Wannan hukunci gaskiya ne idan daga Amurka aka tsaya aka duba, amma akwai rashin adalci a cikinsa idan aka tuna cewa mutanen nan sun shekara talatin suna waƙa kafin Macarena, suna da waƙar yabon birnin Sebiya wadda mutanen birnin suke riƙe da ita kamar taken garinsu, kuma bayan ƙurar ta lafa sun koma gida sun ci gaba da sana'arsu tare, abota guda tun ƙuruciya har tsufa, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan fage. A 2016 ma sun sake ɗaukar waƙar tare da mawaƙan Kuba, Gente de Zona, domin sabon zamani.

Tasirinta kuma ya wuce na bazara guda. Kafin ita, a 1987, La Bamba ta Los Lobos ta taɓa hawa ƙolin jadawalin Amurka da Sifaniyanci, amma bayan Macarena sai da aka shekara ashirin da ɗaya kafin wata waƙa mai rinjayen wannan harshe ta sake kaiwa can, ita ce Despacito a 2017. Ta kuma tabbatar wa kamfanonin faifai cewa waƙa mai tafe da rawa mai sauƙin koyo ba ta san shingen harshe ba, darasin da aka sake gani a kan Aserejé ta 'yan matan Las Ketchup a 2002, da Gangnam Style ta Koriya a 2012, kuma shi ne yau ya zama tushen kasuwar waƙa a TikTok, inda taku na daƙiƙa goma sha biyar yakan ɗaga waƙa daga duhu zuwa ƙoli cikin mako guda. Bambancin shi ne Macarena ta yi wannan tafiya ne a kan kaset da faifai da jirgin ruwa da bakin mutane, ta ɗauki shekara huɗu daga walimar Benezuwela zuwa zauren Shikago, tana ratsa hannun makaɗan Sebiya, da masu haɗa sauti na Madrid da Miyami, da mai tsara rawa, da dubban matafiya waɗanda ba a san sunansu ba, kowa ya ɗora nasa.

Hukuncina a kan wannan waƙa shi ne, aikin gwanaye ce, kuma masu raina ta saboda sauƙinta sun jahilci wahalar da ke cikin ƙirƙirar abu mai sauƙi. Amshin da aka jefa a tsaye cikin dare guda, shekara talatin ta bin rumfunan biki ce ta haife shi, kuma ya kamata matasan mawaƙanmu masu gaggawar suna su yi la'akari da wannan. Amma gwanintar mawaƙi ba ta ɗauke wa mai saurare nauyin da ke kansa ba. Yau waƙoƙi suna shigowa gidajenmu ta waya da harsunan da ba mu ji, kowace da rawarta, yara kuma suna hardace su kafin manya su ankara. Ba ina kira a toshe kunne ba ne, domin nishaɗi yana da gurbinsa a rayuwa, kuma sanin fasahar wasu al'ummai ilimi ne. Kirana gare ka, ya kai mai karatu, shi ne duk waƙar da za ka bari ta zauna a bakinka ko bakin 'ya'yanka, ka nemi sanin abin da take faɗa tukuna, sannan ka karɓa ko ka bari bisa sani.